Zauren Tambayoyi: Yaranmu na Sudan Suna Tambaya Kan Habub, Tsawa, Ambaliya da Zafin Rana

Assalamu alaikum. Yawancin wasiƙun da suka iso wannan shafi a 'yan makonnin nan daga yara da iyayensu da malamansu suke, daga garuruwan Hausawa na bakin Shuɗin Nilu, da Gadarif, da Kasala, da Umdurman, har zuwa Bur Sudan, kuma kusan dukkansu a kan yanayi suke magana, tun da bazara ta kusa ƙarewa, damina kuma, wadda a nan ake kira kharif, ta kawo kai. Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani kowa, na taƙaita su, ina kuma roƙon manya su karanta wa ƙananan da ba su iya karatu ba tukuna, domin su ne suka fi shiga haɗari.

Tambaya daga wani ɗan aji shida a Umdurman: Kawu, ina gaisuwa. Ranar nan da la'asar muka ga wani jan bango ya taso ya rufe rana, gari ya yi duhu. Ƙanena ya ce aljanu ne suke wucewa. Mene ne habub, kuma shi ne guguwar nan da muke gani tana juyawa a fili?

Ɗana, ina amsawa. Ka gaya wa ƙanenka cewa ba mu musun samuwar aljanu, amma abin da kuka gani iska ce da ƙura, kuma sababinsa sananne ne. Habub ɗan hadari ne. Idan rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi takan hau sama ta haɗa gajimare mai tsayi, ruwa ya fara zubowa daga cikinsa, amma da yake iskar da ke ƙarƙashin gajimaren busasshiya ce, sai yawancin ruwan ya ƙafe tun bai iso ƙasa ba. Wannan ƙafewa tana sanyaya iskar, iska mai sanyi kuwa ta fi mai zafi nauyi, saboda haka sai ta faɗo ƙasa da ƙarfi ta bazu ko'ina, kamar yadda ruwa yake fantsama idan an sheƙa guga guda a kan daɓe. Tana bazuwa tana kwasar ƙura da yashi, tana tura su a gabanta, har su zama bangon da kuka gani, wanda tsayinsa yakan kai mita 1,000 ko fiye. A Khartum da kewayenta akan sami habub fiye da sau 20 a shekara, galibi daga watan Mayu zuwa Satumba, kuma ya fi zuwa da yamma, lokacin da ƙasa ta gama ɗaukar zafi.

Guguwar da kake gani tana juyawa a fili da tsakar rana daban take. Ita ba ta buƙatar gajimare, zafin ƙasa kawai ke tayar da ita, kuma cikin 'yan mintoci take mutuwa. Duk da haka kada ku bi ta da gudu, domin takan ɗauki ƙaya da gwangwani da tsinken kara ta watsa wa yaro a ido.

Alherin da ke cikin habub shi ne ana ganinsa tun daga nesa, amma yana tafiya da saurin mota, don haka lokacin da yake ba mutum kaɗan ne, kuma kuskuren da yara suka fi yi shi ne su ɓata wannan lokaci wajen tsayawa kallo. Da zarar ka hango shi, ka kama hannun ƙanenka ku shiga ɗaki mafi kusa, ko da ba gidanku ba ne, ko masallaci ko shago. A rufe ƙofa da taga, a toshe kafofi da jiƙaƙƙen tsumma, a rufe randa da abinci. A kashe wutar murhu da ta gawayi tun kafin iskar ta iso, domin a unguwannin da ake da ɗakunan ciyawa da dangar kara gobara ce take biyo bayan iska, kuma ɓarnarta takan fi ta ƙurar. Idan ya riske ka a waje, ka rufe hanci da baki da rawani ko gefen riga, ka juya wa iskar baya, ka nisanci tsohuwar katanga da bishiya da turken lantarki. Abin da na fi jin tsoro a wannan lokaci shi ne kwanon rufi da iska ta ɓamɓare, domin yana tashi da kaifinsa, kuma cikin duhun ƙura ba a ganinsa sai ya iso. Yaron da ke fama da asma ya riƙa ajiye abin shaƙarsa a inda hannunsa zai kai ko da a cikin duhu. Idan ƙura ta shiga ido kada a murza, a wanke da ruwa mai tsabta. Wanda yake cikin mota kuwa ya san cewa daidai ne direba ya sauka daga kan titi gaba ɗaya ya tsaya har gari ya washe. Kada kuma ku yi saurin fitowa da ƙura ta lafa, domin hadarin da ya haifi habub yana nan a bayansa, sau da yawa da ruwa da tsawa.

Tambaya daga wani yaro mai kiwon tumakin gidansu a wani ƙauye kusa da Gadarif: Kawu, idan ruwa ya same ni a daji nakan fake a gindin wata babbar bishiya, amma malaminmu ya hana. To ina zan je, alhali babu gida kusa? Kuma kakata ta ce ba a taɓa wanda tsawa ta faɗa wa sai an zuba masa nono. Gaskiya ne?

Ɗana, malaminka ya yi maka gata, kuma ina roƙonka ka bi maganarsa tun daga yau. Walƙiya wutar lantarki ce mai tsananin ƙarfi da take taruwa a cikin gajimare, sannan ta nemi hanyar sauka ƙasa, kuma ta fi sauka a kan abin da ya fi tsayi a wurin. A filayen Gadarif, inda mutum zai yi tafiya mai nisa bai ga komai ba sai dawa da riɗi, bishiya guda da ke tsaye ita kaɗai ita ce wuri mafi haɗari a duk faɗin dajin. Idan wutar ta sauka a kanta takan tsallako ta kama wanda ya raɓe a jikinta, ragowar kuma ta bazu ta cikin ƙasa. Wannan da ke bi ta ƙasa ita ce take kashe garke guda a lokaci ɗaya idan dabbobi sun taru a inuwa, domin takan shiga ta ƙafafun gaba ta fita ta na baya.

Akwai lissafin da nake so ka koya, kuma ba ya buƙatar alƙalami. Hasken walƙiya yana iso maka nan take, amma ƙarar tsawa tana tafiyar kusan kilomita ɗaya ne a cikin daƙiƙa uku. Idan ka ga walƙiya sai ka fara ƙirge a hankali har ka ji ƙarar, sannan ka raba abin da ka ƙirga gida uku, amsar ita ce nisan wurin da kilomita. Idan ka ƙirga tara, kilomita uku ne tsakaninku, wato ta iso kanka ke nan. Idan abin da ka ƙirga bai kai 30 ba, kana cikin haɗari. A gaskiya ma duk wanda kunnensa ya ji cida, to walƙiya tana iya kai masa, domin takan sauka a wuri mai nisan kilomita goma ko fiye daga inda ake ruwan.

Game da inda za ka je, ba zan ɓoye maka ba cewa babu wuri mai cikakken aminci a fili, shi ya sa dabarar makiyayi ita ce ya juyo gida da wuri. Idan ka ga gajimare ya yi tsiri sama kansa ya baje, gindinsa ya yi baƙi, ko ka ji iska mai sanyi ta buso farat ɗaya bayan zafi, ka kaɗo dabbobinka tun ba a fara cida ba. Mafaka ta gaskiya ita ce gini mai bango da rufi sosai, irin masallaci ko makaranta, ko mota mai rufin ƙarfe da aka ɗaga gilasanta. Rumfa, wadda a nan muke kira rakuba, tana tare ruwa da rana amma ba ta tare walƙiya. Idan hadari ya riga ka, ka sauka daga kan tudu ko jaki ko amalanke, ka ajiye fartanya da gatari nesa da kai, ka fita daga hafir, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama, ko kududdufi, ka nisanci shingen waya. Idan kuna da yawa ku warwatsu, domin idan ta sami ɗaya sauran su iya taimakonsa. Kada ka kwanta a ƙasa. Ka ci gaba da tafiya zuwa mafaka, idan kuwa ba hali ka tsuguna ka haɗe ƙafafunka wuri ɗaya. Ka nemi wuri mai ɗan gangare, amma ban da cikin kwarin da ruwa ke bi, saboda dalilin da za ka gani a amsar da ke biye. Wanda ke cikin gida kuma ya bar wanka da taɓa famfo, ya cire waya daga caji, kuma a jira minti 30 bayan ƙarar tsawa ta ƙarshe kafin a koma wasa ko gona.

Maganar kakarka kuwa, ka gaishe ta da ladabi, ka gaya mata cewa likitoci sun tabbatar jikin wanda walƙiya ta sama ba ya riƙe wutar, ana iya taɓa shi nan take ba abin da zai sami mai taɓawa. Nono ba ya yi masa komai, lokacin da za a ɓata wajen nemansa kuwa shi ne lokacin ceton ransa. Abin da ke kashe mutum a nan shi ne tsayawar zuciya da numfashi. A kira babba da sauri, idan mutumin ba ya numfashi a kwantar da shi rigingine a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, har ya farfaɗo ko a kai ga ma'aikacin lafiya. Mafi yawan waɗanda walƙiya ta taɓa suna rayuwa, kuma abin baƙin ciki ne a rasa yaro saboda mutane sun kewaye shi suna tsoron kai masa hannu.

Tambaya daga wata ɗaliba a Mai Wurno: Kawu, abin da ke ɗaure mini kai shi ne wani lokaci kogi yakan cika har ya shiga gonaki alhali mu ba a yi mana ruwa ba. Daga ina ruwan yake zuwa?

'Yata, tambayarki ta taɓa abin da ya fi muhimmanci a duk wannan shafi, domin ruwan da ke cin mutane a Sudan sau da yawa ba a kansu aka yi shi ba. Shuɗin Nilu, kogin da garinku yake bakinsa, tun lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya zauna a nan da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903, ya faro ne daga tafkin Tana a kan duwatsun Habasha. A can ake tafka ruwa daga Yuni zuwa Satumba, ruwan ya gangaro ta kwazazzabai yana ɗauke da laka, ya shigo Sudan ya bi ta Rusairis da Sinja da Sinnar da Wad Madani, har ya haɗu da Farin Nilu a Khartum. Shi ya sa kogin ya fi cika a ƙarshen Agusta da farkon Satumba, ko da sararin samaniyarku fes yake. Akwai kuma madatsun ruwa a kansa, ta Sinnar da aka gama a 1925, da ta Rusairis ta 1966, da babbar madatsar da Habasha ta fara tara ruwa a cikinta a 2020, kuma buɗe ƙofofinsu ko rufe su yana sauya tsayin ruwa a bakin gaɓa. Don haka wurin da kika yi wanki jiya ruwa iya idon sawu, yau yana iya shanye mutum.

Wannan irin ambaliya ta kogi a hankali take zuwa, tana ba da kwanaki. Dattawa suna tuna ta 1946, wadda mutanen tsibirin Tuti da ke Khartum suka yi suna da ita saboda yadda suka haɗa kai suka tare ruwa. A watan Agusta na 1988 an yi wa Khartum ruwan da ya haura milimita 200 a cikin kwana guda, fiye da abin da birnin ya saba samu a shekara, kogi kuma ya cika, mutane fiye da miliyan ɗaya suka rasa matsuguni. A 2020 Shuɗin Nilu ya haura mita 17 da rabi a ma'aunin Khartum, ya zarce duk abin da aka taɓa rubutawa, mutane fiye da 100 suka rasu, gidaje fiye da 100,000 suka rushe ko suka lalace, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku.

Akwai ta biyu, wadda ta fi wannan mugunta saboda ba ta sallama, wato ruwan kwari, abin da ake kira khor. Kwari yakan yi wata tara a bushe, yara suna ƙwallo a cikinsa, mutane suna ratsa shi zuwa kasuwa, wasu ma har su yi gini a bakinsa. Sai a yi ruwa a kan duwatsu masu nisa, ƙasar da ta bushe ta ƙeƙashe ba ta iya shanye shi, sai ya haɗu ya taho gaba ɗaya da itatuwa da duwatsu. Mutanen Kasala sun san wannan a kogin Gash, wanda ke tasowa daga Eritiriya, yana bushe mafi yawan shekara, amma a 2003 ya fasa ya cinye babban ɓangare na garin. A Agusta na 2024 kuma madatsar Arba'at da ke arewa da Bur Sudan ta ɓalle bayan ruwa mai yawa, ta share ƙauyuka, ta kuma bar birnin cikin ƙarancin ruwan sha.

Ga abin da nake so ki riƙe, ki kuma koya wa ƙannenki. A duk tsawon damina ba a wasa ko kwana ko ɗaure dabba a cikin kwari, ko da rana tana haske. Idan kika ji ruri daga sama da kwarin, ko kika ga ruwa ya fara zuwa ja da kumfa da karare, ki hau gaɓa nan take ta gefen da ya fi kusa, kada ki yi gudu a cikin kwarin kina neman tsere wa ruwan, kuma kada ki koma ɗaukar takalmi ko tulu. Kada ki ratsa ruwa mai gudu. Ruwan da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, idan yana gudu da ƙarfi, yana iya kayar da babban mutum, wanda ya kai santimita 60 kuwa yana tafiya da mota, balle yarinya ɗauke da ƙaninta a baya. Iya iyo ba ya hana wannan, domin a ƙarƙashin ruwan akwai rami da waya da reshe da ba a gani. Idan wani ya faɗa, kada ki bi shi. Ki yi kururuwa, ki miƙa masa sanda ko igiya daga inda ƙafarki ta kafu, ko ki jefa masa jarka marar komai da aka rufe bakinta, domin tana iya riƙe shi a saman ruwa.

Tambaya daga wata uwa da ke zaune da 'ya'yanta a sansanin 'yan gudun hijira kusa da Kasala: Malam, ruwa ya janye amma ya bar kududdufai ko'ina, yara kuma ba sa jin hani. Me ya kamata na fi sa wa ido?

Baiwar Allah, Allah ya mayar da ku gidajenku lafiya, ya kawo ƙarshen wannan yaƙi. Abu na farko shi ne ruwan sha. Ambaliya takan cika masai ta kwashe abin da ke ciki ta zuba a rijiyoyi da kududdufai, daga nan kwalara take tashi, kuma cuta ce da ke iya kashe yaro a cikin yini guda saboda ƙarewar ruwan jiki. A tafasa ruwan sha har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa masa ƙwayar kulorin yadda ma'aikatan lafiya suka nuna a jira minti 30, a ajiye shi a rufe, a kuma wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan fitowa daga bayan gida. Idan yaro ya fara gudawa kamar ruwa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida, a kuma kama hanyar asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba. Idan babu na ƙunshi, a haɗa lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin kada a yi masa tozo. Mai shan nono a ci gaba da ba shi.

Kududdufai suna haifar da sauro, don haka gidan sauro wajibi ne kowane dare, kuma duk zazzaɓin da ya kama yaro a je a gwada jininsa. Macizai da kunamu su ma ruwa ya kore su daga ramukansu, suna neman busasshen wuri irin wanda kuke nema, saboda haka a kakkaɓe shimfiɗa da takalma, kada yaro ya zura hannu a rami ko ƙarƙashin kaya. Bangon ƙasa da ruwa ya jiƙa gindinsa yana iya faɗuwa bayan kwanaki, kada a kwantar da yara a jikinsa don neman inuwa. A nisanci wayar lantarki da ta faɗo. Akwai kuma abin da wannan zamani ya ƙara mana: ruwa yakan tono harsasai da abubuwan fashewa da yaƙi ya bari ya kai su inda ba a zata ba. Ki ja wa yaranki kunne cewa duk wani baƙon ƙarfe da suka gani a laka, kada su taɓa, kada su jefe shi, su koma ta hanyar da suka zo su gaya wa babba.

Tambaya daga wani almajirin khalwa, wato makarantar allo, a Bur Sudan: Malam, Allah ya gafarta maka. Wani ɗan'uwanmu ya faɗi da tsakar rana yana sambatu, wasu suka ce iska ce ta taɓa shi. Shin zafi ma yana cikin mugun yanayi?

Ɗana, yana ciki, kuma saboda ba ya zuwa da ƙara ko duhu mutane sun fi raina shi. Jikin mutum yana sanyaya kansa ne ta hanyar gumi, idan gumin ya bushe sai ya tafi da zafi. A Khartum zafin watan Mayu yakan kai digiri 42 a yawancin ranaku, amma iskar busasshiya ce, gumi yana bushewa. Ku a Bur Sudan kuna bakin Bahar Maliya, iskarku cike take da laima, gumi yana zuba amma ba ya bushewa, don haka jiki yana rasa ruwa ba tare da ya huce ba. Wannan ne ya sa bugun zafi ya yi yawa a garinku a watannin Yuli da Agusta.

Bugun zafi mataki biyu ne. Da farko mutum yakan ji kasala da jiri da ciwon kai da tashin zuciya, gumi yana keto masa. Wannan a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Idan kuwa jikinsa ya yi zafi ƙwarai, ya rikice, yana sambatu ko tangaɗi, ko ya suma, to zafin jikinsa ya haura digiri 40 kuma ƙwaƙwalwarsa tana cikin haɗari. Alamun da ka faɗa game da ɗan'uwanku sun yi kama da wannan. A irin wannan hali a yi ta kwara masa ruwa a duk jiki ana yi masa fifita, a sa jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata da matsematsi, a kuma garzaya da shi asibiti ana ci gaba da sanyaya shi a hanya. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki, domin zai shaƙe, kuma maganin zazzaɓi ba ya sauke irin wannan zafi. A yi masa addu'a, amma hannu yana aiki. Da yawa daga cikinmu suna da dangi a Makka da Jidda, sun kuma ji abin da ya faru a aikin Hajjin 2024, lokacin da zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar mahajjata fiye da 1,300.

Ina kira ga malaman khalwa da su duba lokacin da suke aiken yara ɗibar ruwa ko itace, a mayar da shi safiya ko bayan la'asar. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a jinkirta sallar azahar har gari ya ɗan yi sanyi idan zafi ya tsananta, to ina ga aiken yaro. Ku riƙa shan ruwa tun ba ku ji ƙishi ba, ku rufe kai, kuma idan fitsari ya yi kaɗan ya yi ja, alama ce jiki yana neman ruwa. Kada a taɓa barin yaro a cikin motar da aka rufe, ko na minti biyar ne.

Tambaya daga wasu 'yan aji biyar a Wad Madani: Kawu, mahaukaciyar guguwar da muke gani a talabijin tana ɗaga gidaje a Amurka, za ta iya zuwa nan?

'Ya'yana, ku kwantar da hankalinku. Guguwar nan mai siffar mazurari da ke saukowa daga gajimare ta fi yawa a Amurka, inda akan sami fiye da 1,000 a shekara, a ƙasarmu kuwa ba kasafai ake ganinta ba. Babbar guguwar teku ita ma tana buƙatar teku mai faɗi da ɗumi, shi ya sa take afka wa Oman da Yaman da Somaliya, Bahar Maliya kuwa ya yi mata ƙunci. Abin da ya fi kusa da ku shi ne iskar farkon hadari da ke kwashe rufi, da ƙanƙarar da wani lokaci take zubowa tare da ruwa. Idan ta fara, ku shige ɗaki ku bar tsintarta sai an ɗauke.

Tambaya daga wata malamar firamare a Sinja: Malam, yaya zan koyar da waɗannan abubuwa ba tare da na tsorata yara ba? Wasu iyayen kuma suna cewa abin da Allah ya ƙaddara ba makawa.

Malama, Allah ya saka miki da alheri. Yaro ya fi tsorata da abin da bai san yadda zai yi da shi ba, don haka ki ba kowane darasi aikin da hannu zai yi. Ki fita da su su zagaya makaranta, su nuna miki da kansu inda ruwa ke bi, da bishiyar da ba za a fake a gindinta ba, da tudun da za a taru idan ruwa ya shigo. Ki sa su gwada ƙirgen walƙiya da tafi. Ki haɗa kowane babba da ƙarami guda wanda zai kama hannunsa, ki tabbatar ƙananan sun haddace cikakken sunan mahaifinsu da unguwarsu, domin a cikin ruɗani yara sukan rabu da iyaye. Ki maimaita wannan a farkon kowace damina, lokacin da magidanta suke yaɓen katanga da gyaran indararo da yashe magudanun ruwa, don yara su ga cewa shirin nasu wani ɓangare ne na shirin gari.

Iyayen kuma gaskiya suka faɗa game da ƙaddara, amma ki tuna musu cewa ya tabbata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan sa ladan ya sanar da mutane su yi salla a gidajensu a daren da ake ruwa da sanyi mai tsanani. Ki nemi limamin unguwa ya faɗi wannan a huɗuba, ki kuma roƙe shi a amince cewa idan an sami gargaɗin cikar kogi daga rediyo ko daga hukuma, za a sanar ta lasifikar masallaci ko da tsakar dare ne, kuma kowane gida ya san tudun da zai nufa.

Wasiƙun da suka shafi fari da farin ɗango sun iso, za mu amsa su a fitowa ta gaba in Allah ya yarda.